Jan Biro da Muryar Gwangwani

A can ƙuryar madaba'ar, in ka wuce injin yanka takarda da teburin masu ɗinkin littafi, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Katangar maƙwabta tagar take kallo, shi ya sa hasken da ke shigowa yake kamar an riga an yi amfani da shi a wani wuri. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujeru biyu suna fuskantar juna. A kan ta wajen taga Jan Biro ya yi shekara talatin da ɗaya. Yana da suna irin na kowa, amma daga mai gadi har 'ya'yan cikinsa, in dai bayan idonsa ne, Jan Biro suke ce masa.

Aikinsa duba littafi ne kafin a ɗora shi a kan inji, kuma aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya riƙe abin da marubuci ya kawo yana karantawa a fili, ɗaya ya bi shafin da aka tsara da ido. Hannun hagun Jan Biro yana kan rula a ƙarƙashin layin da ake kai, na dama yana riƙe da biro. Ko da marubuta suka daina kawo rubutun hannu suka koma kawo aiki a kwamfuta, ɗakin bai mutu ba, don mai tsara shafi yakan yanko nan ya liƙa can, a wajen yankan kuwa layi guda kan faɗi ba wanda ya ji ƙararsa.

Mai karantawar shi ne Rediyo, wani gajere mai tumbi wanda muryarsa ta fi jikinsa girma. A waje bakinsa ba ya hutawa. Amma da zarar ya ɗauki takarda, sai muryar ta miƙe kamar igiyar shanya, ba hawa ba sauka, yana faɗin kowace aya da kowane waƙafi. In Jan Biro ya ga abin da bai yi daidai ba, ba ya magana. Juya biron yake yi ya ƙwanƙwasa tebur da gindinsa sau biyu. Rediyo ya tsaya cak.

"Ni ko su?"

Wato shi ne ya yi tuntuɓen harshe, ko masu tsara shafi ne suka yi ɓarna. Jan Biro ya ce, "Su." Ko kuma, sau ɗaya a wata, "Kai ne, da wannan bakin naka." Ya yi alama, Rediyo ya koma farkon jimlar. Inda biron ke sauka katakon ya lotsa, kamar an dangwala yatsa a ɗanyen siminti.

A wannan ɗaki aka duba littattafan waƙoƙina huɗu, a zamanin da nake waƙa. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofa na ji Rediyo yana karanta wata waƙa da na yi wata uku ina sassaƙa, kamar mai karanta jerin kayan da suka ɓata a tasha. Na yi masa ƙorafi. Ya ce, "Malam, in na karanta da daɗi, wannan bawan Allahn kunne zai buɗe ya rufe ido. Ni ba don a ji daɗi nake karatu ba." Jan Biro bai ɗago kai ba, sai ya ƙwanƙwasa tebur, don ashe baiti guda ya faɗi daga waƙar, ni mai ita ban lura ba.

Wata ranar Talata Rediyo ya faɗi a wurin jiran mota, da ledar burodinsa a hannu. Kafin azahar an gama komai. Jan Biro ya je jana'iza, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya amsa gaisuwar da aka yi masa. Washegari ƙarfe takwas yana kan kujerarsa. Bai yi kuka ba, a ranar ko bayanta. Da na je yi masa ta'aziyya na tambaye shi yaya haƙuri, sai ya ce, "Ka san ƙafar da ka daɗe zaune a kanta? Ka taɓa ta ka ji kamar ta wani ce. To haka." Ya ci gaba da gyara zaman rularsa.

Ya gwada yin aikin shi kaɗai. Yatsa ɗaya a kan takardar marubuci, ɗaya a kan shafin da aka tsara, kai na juyawa dama da hagu. Da, shafi sittin suke ci a wuni. Yanzu da ƙyar yake kai tara, wuyansa kuma ya sage. Kofin shayin Rediyo yana nan a ɗaya gefen teburin. Ba ajiye shi ya yi don tunawa ba, kawai dai bai zo masa a rai ya ɗauke ba.

Bayan sati biyar Manaja ya shigo. Ɗan wanda ya kafa madaba'ar ne, a gaban Jan Biro ya girma, har yanzu ba ya iya zama in tsohon na tsaye. Ya jingina da ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ba wanda zan samu ya zauna a kujerar nan. Masu tasowa ba sa son aikin, kuma takarda ta cika mana hanya, ɗakin ajiya muke nema."

"Na ji."

"Ga littafin taimakon gaggawa da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta rubuta. Shafi ɗari biyu da arba'in, sati uku. In ya fita tsaf a kan lokaci, ɗakinka ne. In bai yiwu ba, sai ka huta, Baba. Ka yi iya yinka."

"To."

"To kawai? Ba za ka zage ni ba ma?"

"Rediyo ne mai zagi," in ji Jan Biro.

Ƙanwarsa ce ta ji labarin daga bakin matarsa. Auta suke ce mata, ko da yake ita ma ta yi jikoki uku. A makarantar makafi take koyarwa, inda kwamfuta ke karanta wa ɗalibai takardu tun safe har a tashi. Ranar Asabar ta iso madaba'ar da wata tsohuwar kwamfuta a rungume, mai gadi na biye da ita da allonta da lasifika. Ta ɗora su a kan tebur, gefen da Rediyo yake zama, ta tura kofin gefe da bayan hannu.

"Yaya, wato sai ka mutu a kujerar nan ba ka gaya wa kowa ba ko? Matsa mini."

Ta yi masa bayani tana sossoka wayoyi. Kwamfutar Linux ce a kanta, tsarin da ba na kowa ba kuma na kowa, wanda duk mai iyawa zai buɗe cikinsa ya gyara yadda yake so. Ba ta bukatar intanet, saboda haka littafin mutane ba zai fita daga ɗakin ba. Za a sa mata abin da marubuciya ta kawo, ita ta karanta, shi ya bi da ido kamar kullum.

"Murya uku na sa maka. Ka zaɓa, kamar mai neman aure."

Ta danna ta farko. Wata murya ta fito kamar an sa mutum a gwangwani an rufe, kowace kalma da tsawon 'yar'uwarta, ba numfashi a tsakani. Mai gadi ya tuntsire da dariya ya fita. Ta biyu mace ce, muryarta a sarari, amma kalmominmu take tauna kamar baƙuwar da ta sauka jiya. Ta uku namiji ne, mai taushi, yana hawa yana sauka, har kamar yana jan numfashi kafin doguwar jimla. Sai dai kwamfutar takan yi ɗan jim kafin ta fitar da shi, don ya yi mata nauyi.

"Wannan ai sai ka ce mai labaran ƙarfe bakwai," in ji Auta. "Wanne?"

"Duk ɗaya."

"Duk ɗaya a ina? Gwangwani, Baƙuwa, Mai Labarai. Yaya, ka buɗi baki."

"Wanda kika ga dama."

Ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta zaɓar masa Mai Labarai, don ita a ganinta ɗakin ya yi shiru da yawa, yana bukatar abin da ya yi kama da mutum. Ta nuna masa dogon madannin da ke layin ƙasa na madannan kwamfutar: in ya danna, muryar ta tsaya, in ya sake dannawa, ta ci gaba. Ya gyaɗa kai. Ta tafi.

Ranar Litinin ya kunna. Mai Labarai ya fara, rula ta fara sauka. A shafi na biyu Jan Biro ya ga an maimaita kalma. Ya juya biro ya ƙwanƙwasa sau biyu. Muryar ta ci gaba. Ya sake ƙwanƙwasawa, da ɗan ƙarfi. Ta ci gaba da bayanin yadda ake ɗaure karaya, cikin natsuwa, ta bar shi a baya da layi shida. Sai a nan ya tuna da madannin. Amma hannun hagu yana kan rula, na dama yana riƙe da biro, kuma Allah bai ba shi na uku ba. Da ya saki rula ya miƙa hannu ƙetaren tebur, sai ya rasa inda yake. Da ya dawo da hannun ya samo layin, sai ya rasa inda muryar take.

Haka aka yi ta yi. Kowane lokaci hannunsa ne ke riga kansa, ya ƙwanƙwasa, ya jira, ba a tsaya ba. Kafin Laraba ya daina miƙa hannu. Yakan yi alama da sauri ya bi muryar a guje har ya cim mata. Wani lokacin kuma muryar ce ke ɗauke shi. Tana da daɗi, sai ya tsinci kansa yana sauraron yadda ake kwantar da wanda ya suma, idonsa a kan takarda amma ba ya ganin komai, rula na sauka da kanta. Bai ji haushi ba. Bai ji tsoro ba. Ƙarfe biyar ya kashe kwamfutar, ya rufe taga, ya bi titin da yake bi, ya wuce wurin jiran motar bai juya kai ba, bai kuma kauce masa ba.

Ranar Juma'a ya miƙa shafi tamanin. Ranar Litinin marubuciyar ta zo da kanta, wata doguwar tsohuwa mai tabarau a rataye a wuya, Manaja na biye da ita. Ta ajiye shafi na hamsin da uku a gabansa ta ɗora yatsa.

"Malam, a nan na rubuta, kada a ba wanda ya suma ruwa ya sha. Ina layin yake?"

Ya duba. Babu. Jimlar da ke sama ta haɗe da ta ƙasa lafiya lau, kamar ba a taɓa yin wani abu a tsakaninsu ba.

"An ce mini ɗakin nan ko ƙuda ba ya wucewa," in ji ta. "In wani ya karanta wannan ya ɗura wa ɗansa ruwa fa?"

Jan Biro ya ce, "Ni ne." Ba wanda ya tambaye shi ni ko su.

Manaja ya raka ta, ya dawo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Sati biyu ya rage, Baba. Kuma tamanin ɗin nan sai an sake su daga farko."

Shi Manajan ne ya kira Auta a waya. Ta zo da rana tsaka, kai tsaye daga makaranta. Ba ta tambayi yayanta komai ba, don ta san amsar. Ta jawo kwalin takarda ta zauna a lungu ta ce ya yi aikinsa kamar ba ta nan. Minti goma ba a yi ba ta ji ƙwas ƙwas. Ta ga ya ɗan dakata, kansa a karkace, yana jira. Ta ga muryar ta wuce shi. Ta bari sai da aka yi haka sau huɗu, sannan ta tashi ta kashe lasifikar.

"Yaya, tebur kake yi wa magana. Kwamfutar ba ta da kunne a nan."

"Na sani."

"Ka sani, amma kana yi."

"Hannun ne."

Ta zo ta shafa lotsawar da ke jikin katakon, sannan ta ce, "Akwai wata hanya. Ana iya koya wa na'ura muryar mutum in akwai inda aka naɗe ta da yawa. Matar marigayi ta ce wayarta cike take da saƙonninsa, kai ma ka san shi da surutu. Ban taɓa yi ba, amma akwai wanda zan tambaya. Ba zai zama shi ba, amma zai yi kama."

Jan Biro ya dubi kujerar da kwamfutar ke gabanta. Ya daɗe yana kallo, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"In na ƙwanƙwasa zai ce ni ko su?"

"Ana iya sa shi ya faɗa."

"Zai san amsar?"

"A'a."

"To a bar shi ya kwanta."

Ba ta ja ba. Ta fita wajen masu tsara shafi ta dawo da wani tsohon linzamin kwamfuta, irin wanda suke ce wa ɓera, da salatif. Ta cire masa murfi, ta zaunar da shi daidai kan lotsawar, ta liƙe shi da tebur kamar mai ɗaure rauni. Sannan ta buɗe wani baƙin shafi a kwamfutar ta yi ta rubuce-rubuce tana tsaki, tana gogewa, tana kiran wata abokiyar aikinta a waya. Sai da la'asar ta yi kafin ta ɗago.

"Amfanin abin da ba a kulle ba ke nan. Na gaya mata in an bugi ɓeran nan sau biyu ta yi shiru. In an buga sau ɗaya ta koma farkon jimla ta ci gaba. Gwada. Kuma a hankali, ba ƙusa kake kafawa ba."

Mai Labarai ya fara. Jan Biro ya juya biro. Ƙwas ƙwas. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin injin yanka takarda daga nesa. Ya zauna a cikin shirun, kansa a karkace, ya fi minti guda.

"Ya yi?" in ji Auta.

"Canza muryar."

"Au, yanzu kuma ba duk ɗaya ba ne?"

"Sa Gwangwani. Ki rage masa gudu. Kuma ya riƙa faɗin aya da waƙafi, in yana iyawa."

"Yaya, wannan muryar ko ɗalibaina sai da suka yi wata kafin su daina dariya."

"Wancan yana sa ni sauraro. Ni gani nake so in yi."

Ta canza. Gwangwani ya fara, a miƙe, ba hawa ba sauka. Kada a ba wanda ya suma ruwa ya sha, aya. Auta ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo za ta yi masa wata tsiya, ta ga rula na sauka daidai da muryar, sai ta haɗiye ta fita.

Ya sake shafi tamanin ɗin a kwana biyu, ya tsinci wasu layuka biyu da suka faɗi da wani jadawali da aka juya. Sauran ya gama su ana saura kwana ɗaya. Marubuciyar ta tafi da shafukan gida, ta yi kwana uku da su, ta dawo da su ba alama ko ɗaya. Ta leƙo ɗakin ta ce, "Malam, na janye maganar ƙuda." Manaja ya sa aka yi wa takardun rumfa a bayan gini. Da ya zo gaya masa, Jan Biro ya ce, "To," kamar yadda ya faɗa a karon farko.

Wata huɗu bayan haka na kai nawa littafin, wannan karon na zube, ba waƙa ba. Na tsaya a bakin ƙofar da na saba tsayawa. Hasken nan na aro yana kan teburin. Kofin yana nan, amma yanzu birai ne a ciki. Gwangwani yana karanta abin da na rubuta game da mahaifiyata, waƙafi, aya, sabon sakin layi, kuma ban ji ko ɗigon abin da na ji sa'ad da nake rubutawa ba. Na san haka ya kamata.

Na tambayi Jan Biro yaya ƙafar nan da ya ba ni labari. Ya ce tana nan yadda take, sai dai wani lokacin, in zai wuce wurin jiran mota, yakan ji kamar ana tsira mata allura. Ya ce Auta ta ce alama ce mai kyau, shi dai bai sani ba.

Ya buga ɓeran sau ɗaya, karatu ya ci gaba. A tsakiyar shafi ya ƙwanƙwasa sau biyu. Muryar ta tsaya. Bai yi alama nan take ba. Ya bar ɗan gurbi, daidai tsawon kalma uku, sannan ya ce a hankali, ba da ni ba, "Su." Ya ja jan layi a gefen shafin, ya gyara rula, ya sake bugawa.